Neman muryar tsohon fiyano a Garwa: yadda wata ƙungiyar makaɗa ta zaɓi na'urarta

Ƙungiyar da wannan nazari ya shafa tana Garwa, a arewacin Kamaru. Akwai mai jita, mai bes, mai kalangu, mawaƙiya da mai fiyano, sai shugabansu, dattijo ne da ya fara riƙe jita tun farkon shekarun 1980, zamanin da mawaƙin nan marigayi Ali Baba yake tashe. Aikinsu bukukuwan aure da suna, da ɗan wasan daren Asabar a farfajiyar wani otal. Suna waƙa da Hausa da Fillanci. Fiyanonsu Yamaha PSR ne, irin wanda duk situdiyo daga nan har Kano ta sani, mai ba da ganga da bes da kansa idan an danna masa salo. Mai kaɗa shi ɗan ƙanwar shugaban ne, saurayi mai saurin hannu, wanda bai taɓa aza yatsa a kan wani fiyano ba in ba PSR ba.

Maganar ta taso ne lokacin da shugaban ya so a farfaɗo da tsofaffin waƙoƙi don daren Asabar, inda galibin masu zama manya ne, kuma sauraro suke zuwa yi fiye da rawa. Aka yi ta atisaye, bai gamsu ba. Duk muryar fiyanon lantarki da yaron ya zaɓo masa daga cikin PSR, sai ya girgiza kai ya ce ta roba ce. Suna da ajiyar sefa dubu 700, wato euro dubu ɗaya da ɗan ɗoriya, tunda euro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Yaron ya riga ya gama zaɓinsa a YouTube, jan fiyanon nan mai suna Nord yake so. Ni kuwa an sa ni cikin shawarar ne saboda ni nake haɗa musu sauti a wurin wasa.

Wace murya ce ake nema?

Kafin a yi zancen saye sai da muka zauna muka saurari tsofaffin kasa-kasan shugaban, waɗanda aka kwafe a waya. Nan ne ya bayyana cewa abin da yake kira "tsohon fiyano" murya biyu ce mabambanta, kuma akwai ta uku da ke leƙowa jefi-jefi.

Ta farko ita ce ta Rhodes. Harold Rhodes Ba'amurke ne da ya fara ƙera ƙananan fiyano da tarkacen jirgin sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don koya wa sojojin da ke jinya kiɗa. Daga baya ya haɗa kai da kamfanin Fender, kuma bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965 aka fara fitar da cikakken fiyanon, mai maɓallai 73. Babu tsirkiya a cikinsa. Idan ka danna maɓalli, guduma ce take bugun wani siririn tsinken ƙarfe, tsinken ya yi ta karkarwa a gaban maganaɗisu da aka naɗe da waya, kamar na jitar lantarki. Sirrin muryarsa yana nan. In ka taɓa a hankali, tsinken ya ɗan motsa, sai ka ji sauti mai taushi da ɗan amon ƙararrawa a kansa. In ka maka da ƙarfi, tsinken ya yi lilo mai faɗi har ya wuce inda maganaɗisun yake ɗaukarsa daidai, sai muryar ta yi kauri ta yi gurnani. Maɓalli ɗaya ne, amma launin sautinsa yana canjawa da nauyin hannu, ba ƙararsa kawai ba. Wannan shi ne abin da PSR ɗinsu ya kasa yi yadda kunnen dattijon yake so.

Ta biyu kuwa ba ma fiyanon lantarki ba ce ta asali. Muryar Yamaha DX7 ce, na'urar da ta fito a 1983 mai haɗa sauti da lissafi, bisa dabarar FM da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford. Kwaikwayon Rhodes ta yi, amma ta fito da abu mai sheƙi da ƙara kamar gilashi, ta mamaye waƙoƙin soyayya na shekarun 1980 a duniya, har da na Afirka. Bayan fitowarta da shekara biyu aka daina ƙera Rhodes. Kusan rabin waƙoƙin da shugaban yake kewa wannan muryar ce a cikinsu, kuma abin dariyar shi ne PSR ɗinsu yana yin ta ba laifi, domin gida ɗaya suka fito. Da yaron ya kaɗa masa ita daidai da kaset ɗin, dattijon shiru ya yi, sannan ya ce, "To wannan kam mun same ta. Saura ɗayar."

Ta ukun ita ce Wurlitzer, wanda aka fara ƙerawa a 1954, samfurinsa da ya fi shahara kuma shi ne 200A mai maɓallai 64. Shi guduma tana bugun wani fallen ƙarfe ne mai lebur, muryarsa ta fi ta Rhodes siranta da cizo, kamar mai magana ta hanci. A lokacin ba mu ba ta muhimmanci ba.

Sayen tsohon Rhodes na asali ba a daɗe a kansa ba. Rhodes mai maɓallai 73 ya doshi kilo 60, tsinkayensa suna karyewa, kowanne kuma da ɗan zoben waya da ake matsawa don saita shi. Ko an samo shi daga Turai, wa zai gyara shi a Garwa, kuma wa zai yi ta ɗora shi a mota zuwa biki a Fitowa ko Gidar? Aka rufe wannan babin.

Yadda na zamani yake kwaikwayo

Hanya biyu ce. Ta farko, a samu tsohon fiyano mai lafiya a naɗi sautin kowane maɓalli a matakai daban-daban na ƙarfin bugu, a zuba a ƙwaƙwalwar na'ura. Idan ka danna, sai ta duba ƙarfin hannunka ta sako wanda ya dace. In matakan ba su da yawa, kunne yana jin tsallen: kana cikin taushi, ka ɗan ƙara hannu, kwatsam sai gurnani ya faɗo babu tsaka-tsaki. Ta biyu, ba a naɗi komai ba, na'urar ce take lissafa yadda guduma da tsinke da maganaɗisu za su yi a daidai wannan bugun. Wannan ba ta da tsalle, sai dai wani lokaci takan fito tsaf-tsaf fiye da kima, babu 'yar dattin da ke sa tsohon abu daɗi. Crumar Seven na Italiya, wanda ya fito a 2018, ta wannan hanyar yake yin Rhodes da Wurlitzer. Nord da galibin na Yamaha da Korg naɗaɗɗen sauti suke amfani da shi, sannan su bi shi da kwaikwayon amfilifaya da sauran kayan ado.

Kayan adon nan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da mutane suka sani a faifai ba tsiraicin Rhodes ba ne, ya riga ya bi ta amfilifaya, an sa masa karkarwa ko abin da ke sa sauti ya riƙa juyawa kamar iska a bututu. Saboda haka fiyanon da ya ajiye waɗannan a kan fuskarsa, kowanne da abin murɗawarsa, ya fi wanda ya ɓoye su a cikin allo amfani ga mai wasa a gaban jama'a.

Gwajin da na ba yaron mai sauƙi ne, kuma duk mai niyyar saye zai iya yinsa a shago: kashe duk kayan ado, zaɓi maɓalli ɗaya a tsakiya, ka yi ta bugunsa daga mafi taushi zuwa mafi ƙarfi, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sannan ka koma ƙasa wajen bes ka maimaita, domin can ne gurnanin ya fi fita. Sannan ka danna ka riƙe, ka ji yadda sautin yake mutuwa, ko yana narkewa ne a hankali ko kuwa akwai inda yake ta zagaye a wuri ɗaya. Bidiyon YouTube ba zai nuna maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, tunda hannun wani ne, kuma ƙwararre ne da ya san inda zai kauce wa.

Waɗanda suka shiga takara

Nord Electro, na kamfanin Clavia da ke Suwidin, ya faɗi tun a kan kuɗi. Farashinsa a Turai ma ya kusa ninka ajiyarsu, kafin a zo ga jigila da duwan. Yaron ya so a ci bashi a cika. Kawun nasa ya ce masa, "Ɗana, fiyano ja ba ya biyan bashi da launinsa." Crumar Seven babu inda za a taɓa shi kafin a biya, ga shi ya haura kilo 20. Kwamfutar tafi-da-gidanka da manhaja ita ce hanya mafi araha ta samun murya mai kyau, kuma a situdiyo ita zan ba kowa shawara. Amma a fili, a watan Maris ko Afrilu da zafin Garwa yake haura digiri 40, ga ƙura, ga wayoyi huɗu ko biyar da kowacce za ta iya zarewa a tsakiyar waƙa, ban yarda da ita ba.

Akwai kuma ƙaramin Yamaha Reface CP na 2015, wanda bai kai kilo 2 ba, yana aiki da batir shida, muryarsa ta Rhodes da Wurlitzer kuma ta fi girman jikinsa nesa. Matsalarsa maɓallai 37 ne ƙanana, hannu biyu ba ya sakewa a kai. Ana iya jona shi da babban fiyano ta wayar MIDI, wadda ke sa a kaɗa ɗaya daga maɓallan ɗayan, amma PSR ɗinsu yana da nasa aikin na ganga, ba za a raba masa hankali ba.

Saura biyu, su ne kuma aka samu damar gwadawa da hannu. Ɗaya Korg SV-1 ne mai maɓallai 73, na hannu, wanda wani mai kiɗa a coci a unguwar Yelwa yake son sayarwa. Samfurin 2009 ne, maɓallansa masu nauyi ne irin na guduma, yana da ƙaramar kwalbar amfilifaya ta gaske mai haske a gefen hagu, nauyinsa kilo 17 da rabi. Ɗayan Yamaha CK61 ne, samfurin 2023, wanda wani mai situdiyo ya ba mu aro na yamma ɗaya. Maɓallai 61 marasa nauyi, kilo 5.6, da sifika a jikinsa.

A ɗaki, da abin sauraro a kunne, SV-1 ya yi nasara ba gardama, a kunnena da na shugaban. Akwai kauri da ɗumi a ƙasansa, kuma nauyin maɓallan yana sa hannu ya san bambancin taushi da ƙarfi. Dattijon ya sa aka maimaita masa waƙa ɗaya har sai da mai fiyanon ya fara duba agogo. Da a nan aka tsaya, da shi aka saya.

Gwajin fili

Na dage a kai su duka biyun farfajiyar otal ɗin, a jona su da kayan sautin da ake wasa da su, sauran makaɗa kuma su zo. Kayan nasu miksa ce ƙarama da manyan sifika biyu masu ƙaho, kuma duka biyun abu ɗaya suke fitarwa, ba a raba hagu da dama.

Abu na farko da ya ɓace shi ne lilon nan da kowa yake so. Rhodes samfurin Suitcase yana da dabarar jefa sauti daga sifikar hagu zuwa ta dama ya dawo, shi ne yake sa mutum ya ji kamar kansa yana shawagi. Idan aka haɗe hagu da dama a waya ɗaya, abin da ya ragu a wannan gefe shi ne ya ƙaru a wancan, sai su cike juna, lilon ya tafi. Yaron ya yi ta murɗa maɓallin yana cewa ya lalace. Bai lalace ba. Maganinsa ko a yi amfani da karkarwa ta talaka mai ɗaga sauti da sauke shi, irin ta Wurlitzer, ko a ɗauki gefe ɗaya kawai zuwa miksa. Wannan ya shafi duka fiyanon biyu, amma ya rage wa SV-1 wani kaso na abin da ya burge mu da shi a ɗaki.

Na biyu ya fi muhimmanci. Kaurin nan na Rhodes yana zaune ne daidai inda bes da kalangu da ƙasan jita suke. Da kowa ya shigo, sai ya nutse, abin da ya saura gunaguni ne kawai a ƙarƙashin muryar mawaƙiya. Na rage masa ƙasa a miksa na ƙara sama, ya fito, amma ya fito ba tare da ɗumin da za a biya kuɗi dominsa ba. Mai kalangu ne, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya ce a gwada "mai hancin nan". Aka koma muryar Wurlitzer, sai ga ta ta ratsa tsakanin kalangu da jita ta zauna daram. A wannan muryar, cikin wannan hayaniyar, tazarar da ke tsakanin na'urorin biyu ta ragu har sai wanda ya kasa kunne da gangan zai gane ta.

Na uku hannun yaron ne. Kiɗanmu na nan, na Hausa da na Fulani, ya ginu ne a kan gajeren zubi mai sauti biyar da ake maimaitawa da sauri, fiyano yana amsa wa kalangu kusan kamar shi ma abin bugu ne. A kan maɓallai masu nauyi, bayan 'yan waƙoƙi wuyan hannunsa ya gaji, ya fara makara a bayan kalangu. Za a iya cewa ai zai saba, kuma gaskiya ne, wata uku ko huɗu na atisaye za su gyara shi. Sai dai a daren biki hannunsa na hagu yana kan PSR mai laushi, na dama yana kan wannan, kuma haɗa nauyi biyu mabambanta a lokaci guda wahala ce da ba ta da lada. A kan CK61 kuwa matsalar ta juye: yana da sauri, amma da yake maɓallan ba su da nauyi, duk bugunsa yana fita da ƙarfi, gurnani ko'ina, taushin ya ɓace. Wannan an gyara shi da saitin da ke sa na'urar ta buƙaci hannu mai nauyi kafin ta kai ƙarshen ƙararta. Kusan kowane fiyano na zamani yana da wannan saitin, kuma da yawa daga masu cewa muryar na'urarsu ba ta da rai ba su taɓa buɗe shi ba.

Wuta da hanya

Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72. In ruwa ya ja baya da rani, wuta takan yi ƙaranci, ko da yake tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun kawo sauƙi. Bukukuwan ƙauye kuwa da janareta ake yi, wanda ƙarfinsa yake hawa da sauka duk lokacin da aka jona firji ko fitila. SV-1 wutarsa kai tsaye take shiga cikinsa, in wani abu ya ƙone sai an buɗe shi, kuma na'ura ce da ta haura shekara goma da fitowa. CK61 da adafta yake aiki, in ta ƙone a sayi wata, sannan yana ɗaukar batir takwas ƙanana da za su riƙe shi in wuta ta ɗauke. Ga mai sayen na hannu akwai ƙarin abin dubawa: wutarmu 220 ce, kayan da aka yi don Japan 100 ne, na Amurka 120, a karanta bayan na'ura kafin a jona.

Batun nauyi ma ba wasa ba ne a garin da babur ne motar kowa. Kilo 5.6 yaro zai rataya a baya ya hau. Kilo 17 da rabi, da akwatinsa, sai an nemi mota kowane fita.

Shawarar da aka yanke

Shugaban bai sauka da sauƙi ba. Ya ce shi murya ya zo nema, ba sauƙin ɗauka ba. Yaron, wanda a da yake kukan Nord, shi ne ya koma lallashi: "Kawu, wanda za mu iya fita da shi kullum ya fi wanda za mu riƙa jin daɗinsa a ɗaki." Ni da aka tambaye ni na ce in daren Asabar ne kaɗai aikinsu, kuma za a bar fiyanon a otal ɗin a ƙara sifika a raba hagu da dama, SV-1 zan ɗauka. Amma biki ne yake ciyar da su, kuma kuɗin ba zai kai a yi duka biyun ba.

Aka yi odar CK61 ta hannun wani ɗan kasuwa a Duwala. Ya biyo jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya ƙare, daga nan mota ta gangaro da shi Garwa. Abin da ya saura na kuɗin aka sayi sitabilaiza, da feda ta riƙe sauti, da batura masu caji, aka kuma ɗinka masa riga mai kauri saboda ƙurar hunturu, wadda in ta shiga ƙarƙashin maɓallai takan sa wani ya riƙa fita da cikakkiyar ƙara ko an taɓa shi a hankali.

Yanzu a wurin biki muryar Wurlitzer ce take aiki, da 'yar karkarwa da ɗan dattin amfilifaya, sai muryar DX7 in an zo waƙar amarya, domin ita mata suka fi amsawa. Rhodes ɗin da aka fara neman saboda shi a waƙoƙi biyu ko uku kawai yake fitowa a daren Asabar, inda aka sake tsara kiɗan: mai kalangu yana sassautawa, mai bes yana barin dogon sarari, yaron kuma an hana hannunsa na hagu sauka can ƙasa. Wannan gyaran tsari ya ƙara wa muryar kama da ta kaset fiye da duk wani saiti da muka taɓa. Shugaban har yanzu yana cewa na cocin nan ya fi shi zaƙi, kuma ban musa masa ba. SV-1 ɗin dai wani mai situdiyo daga Marwa ya saye shi, ƙungiyar kuma ta fara tara kuɗin miksa da za ta raba hagu da dama.